Jawabin Ƙaddamar da Aikin Yashe Magudanan Ruwa Kafin Faɗuwar Damina

 

Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, malamanmu limamai, kansiloli, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, da samarin ƙungiyoyin aikin gayya da suka yi sammako da shebur a kafaɗa.

Aikin da ya tara mu a yau ba shi da ƙyalli. Ba a yanka masa zare, ba a kafa masa allo mai hoto. Kwata za mu shiga, mu fito da abin da muka zuba mata tun kakar bara. Na tsaya a gabanku ne a matsayin shugaban wannan ƙaramar hukuma domin wannan nauyi namu ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da titunan unguwa, da fitilun kan hanya, da magudanan ruwa, da kwashe shara. Kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka idan lungunku ya cika da ruwa, kuna da haƙƙin ku ƙwanƙwasa ƙofarmu ku tambaye mu.

Dattawan da ke nan sun san Kano ta da. Kowace unguwa tana da kududdufinta, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina gidaje da ganuwa. Ruwan sama ya sauka, ya bi lungu, ya taru a can, sauran ya gangara Jakara. Mun cike yawancin kududdufan nan da shara, mun yanka filaye, mun yi gini a kai. Ruwan kuwa bai manta hanyarsa ba. A watan Agustan 2022 ya shiga Kantin Kwari, ya jiƙa atamfofi da shaddodi, 'yan kasuwa suka wayi gari suna shanya jarinsu a rana.

Ni ma na ga nawa. Wata damina ruwa ya shigo gidanmu da tsakar dare, muka ɗora yara a kan gado, muka kwana muna kwarfa da bokiti da kwano. Da gari ya waye muka tono bakin kwalbatin ƙofar gida. Ledar ruwa ce damƙam, da robobin lemo, da tsohuwar katifa, duk namu ne, babu baƙon da ya kawo mana.

Amma dole in faɗi gaskiyar da ta shafe mu masu mulki. Samarin nan ba su taɓa gazawa ba. Shekara da shekaru suna shiga kwata har gwiwa, wani ma ba takalmi, su fito da baƙin laka su tara a gefen titi, a ce musu mota na zuwa. Kwana uku, mako guda, mota ba ta zo ba. Awaki su baje tulin, masu babur su bi ta kai, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wannan ne ke kashe gwiwar mutane, kuma laifin hukuma ne. Bana ba za a buɗe kwatar wata unguwa ba sai tifa tana tsaye a bakin layi, abin da aka fitar da safe ya bar unguwar kafin magariba. Za mu haɗa hannu da hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, a kan haka.

Kowace ƙungiya za ta karɓi baro, shebur, manjagara, safar hannu da takalman roba ta hannun mai unguwarta. Kwalbatocin da suka rufta, kansiloli za su kawo sunayensu, mu fara da waɗanda ke kusa da makarantu da asibitoci. Fitilun kan hanya da rijiyoyin burtsatse suna cikin tsarinmu, sai dai bayan wannan.

Tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda muka gada tun Yaƙi da Rashin Ɗa'a na zamanin Buhari da Idiagbon, ta koma ranar barcin safe ga da yawanmu. Ranka ya daɗe, muna roƙon ka umarci masu unguwanni su riƙa fitowa da kansu. Malamai, ku sa mu a huɗuba. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin daren da yaro ke kwana da zazzaɓin cizon sauro ko amai da gudawa, ku lura da inda almajiri ko yaron gida ke juye kwandon shara. Jami'an duba-gari za su dawo zagaye, da nasiha tukuna, tara sai ga wanda ya ƙi ji.

Da sunan Allah nake ƙaddamar da wannan aiki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya. Ranka ya daɗe, ga shebur na farko, muna roƙon ka sa mana albarka mu fara daga kwatar bakin masallaci.