Littafin bashi a cikin fulash, ko shabaka ta ɗauke

Jama'a masu sauraro, iyayenmu makiyaya da fatake, daga nan Suki zuwa Maiwurno, Sinja, Damazin, har waɗanda ke kama mu a tsallaken iyakar Habasha.

Kowa na tune da watan Fabrairun 2024, lokacin da Zain da Sudani da MTN suka ɗauke a kusan duk ƙasar Sudan. Bankak ya tsaya, saƙo ba ya fita. Wanda ya ajiye lissafin ridinsa ko ƙaronsa a intanet sai ya koma kamar mai rumbu a hayin kogi, ga hatsi yana hange, babu kwalekwale. Shi ya sa yau za mu yi magana kan yadda lissafi zai zauna a fulash, ya yi aiki ba tare da shabaka ba.

Bari in sauƙaƙa. Duk shafin da kuke buɗewa a waya, akwai wata kwamfuta a can nesa da ke miƙo shi, ita ake kira saba. To, ashe wannan saba ba dole sai tana Turai ba, ana iya ɗora ta a fulash ɗin da bai fi ɗan yatsa ba. Sanannen kayan wannan aiki shi ne XAMPP, wanda ƙungiyar Apache Friends ke rabawa kyauta. A cikinsa akwai Apache mai miƙo shafi, da MariaDB mai riƙe bayanai, da PHP mai yin lissafi a tsakaninsu. Fulash mai giga 8 ya isa har da saura.

Yaya ake yi? Sau ɗaya ake buƙatar shabaka, ranar sauko da shi. A zaɓi nau'in tafi-da-gidanka, a warware shi kai tsaye a fulash, kada a cusa shi cikin wata jaka. Sai a soka a kwamfuta mai Windows, a buɗe allon sarrafawa, a kunna Apache da ma'ajiyar bayanai. A buɗe burauza a rubuta localhost, ma'ana wannan kwamfutar da ke gabana. Shafin zai fito ko babu sanda ɗaya ta shabaka a garin.

Na san Baba zai ce, ni da ke bin shanu, ina ruwana da wannan? Gaskiya ne, Baba, ba kai za ka haɗa ba. Aikin ɗanka ne ko ɗan maƙwabcinka da ya taɓa karatun kwamfuta. Shi zai tsara shafi mai sauƙi ya sa a jakar da ake kira htdocs: sunan wanda ya karɓi kaya, buhu nawa, jine nawa ya biya, nawa ya rage. Makiyayi kuma a rubuta masa ranar rigakafi, wadda ta haihu, da dabbar da aka ba shi amana. In kwamfutar shagon Suki ta lalace, a zare fulash a soka a wata a Damazin, lissafi na nan yadda aka bar shi. Wayoyin da ke kan wayifai ɗaya da kwamfutar ma suna iya buɗe shafin.

Amma ku saurari gargaɗi, shi ne ya fi komai muhimmanci a shirin yau.

Na farko, kada a fizge fulash saba na aiki. A kashe Apache da ma'ajiyar, a umarci kwamfuta ta sake shi, sannan a zare. Fizgewa na iya lalata bayanan duka.

Na biyu, fulash yana gajiya da yawan rubutu, yana ɓata, ana kuma iya ƙwace shi a hanya. A kwafi jakar gaba ɗaya a wani fulash duk ranar kasuwa, a bar shi a gida.

Na uku, XAMPP na zuwa ne ma'ajiyarsa ba ta da kalmar sirri. A sa mata tun ranar farko, domin sirrin bashin mutane amana ne.

Na huɗu, wannan ba Bankak ba ne. Ba ya tura ko jine ɗaya, rubutu kawai yake riƙewa. Kuma ba ya maye gurbin shaidu. Babban bashi a rubuta shi a takarda gaban mutane, kamar yadda addini ya koyar, fulash ya zama na biyu.

Matasa masu shagon caji da kwamfuta, ga sana'a a gabanku. Ku gwada da lissafin gidanku tukuna, kafin ku karɓi na Alhaji.

Mako mai zuwa za mu duba Kiwix, manhajar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da shabaka ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare dukiya da dabbobi. Ku huta lafiya.