Ilimin Lantarki: Ka'idojin Aiki da Aisi Mai Lamba LM386

Maudu'inmu na yau shi ne ɗan ƙaramin aisin nan mai ƙafa 8, LM386, wanda kamfanin National Semiconductor na Amurka ya ƙera, kafin Texas Instruments ya saye kamfanin a 2011, kuma wanda masu gyaran rediyo suka san shi ƙwarai, domin shi ne ke karɓar raunanniyar murya ya ƙarfafa ta har ta motsa lasifika.

Farkon abin da ya wajaba ga ɗalibi shi ne sanin ƙafafun aisin, waɗanda ake fara lissafinsu daga ɗigon da ke kusa da tsagar kansa. Ƙafa ta 6 ita ce mashigar wuta, ta 4 kuwa ana haɗa ta da nagatif na batir. Murya tana shiga ta ƙafa ta 3 bayan ta ratsa makunnin ƙara sauti, sa'an nan ta fita ta ƙafa ta 5, inda ya zama tilas a gitta kafasita mai kimanin maikurofarad 250 kafin lasifika mai om 8, don kada wutar batir ta zarce kai tsaye ta ƙona ta.

A bisa asalinsa, aisin yana ninka sigina sau 20, amma idan aka sanya kafasita mai maikurofarad 10 tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, sai ninkin ya kai 200. Sai dai mai hikima ba ya neman hakan face da lalura, saboda tare da murya har hayaniya ake ninkawa.

Haddin wutarsa, a yawancin nau'o'insa, daga bolt 4 ne zuwa 12, kuma duk wanda ya ƙetare wannan haddi, ko ya juya kan batir, ko ya bar ƙarfen dalma ya daɗe a kan ƙafa, to yana iya halaka shi. Haka nan a ajiye ƙaramar kafasita daf da ƙafa ta 6, a kuma gajarta wayoyi, domin kauce wa kuwwa.

Ya ku matasa masu koyon sana'a, ku karanta takardar bayanin aisi, ku auna wuta da mita, kafin ku ɗauki dalma. Allah Ya albarkaci sana'arku.