Kafin Ka Sayi Akori-Kura, Fara Tambayar Cikinta

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Ibadan)



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamai, 'yan'uwana 'yan kasuwa da direbobi, ina yi mana barka da wannan zama. Shugabanni sun umarce ni in ɗan yi bayani a kan injin akori-kura da shan mai, saboda wasu daga cikinmu na shirin haɗa kuɗi su sayi mota. Ni dai ba makanike ba ne, ɗan kasuwa ne kamar kowa. Abin da na sani asara ce ta koya mini shi, don haka a yi haƙuri a saurare ni.

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun san zamanin Peugeot 404 da 504, wadda ake harhaɗawa a kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975. A lokacin ba wanda ke tambayar lita nawa mota ke sha. Ka cika tanki, ka ba yaron mota canji. To, wancan zamani ya wuce. A 2022 man gas, wato dizal, ya tashi daga wajen Naira 300 zuwa kusan 800. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000. Tun daga nan mai ya zama abokin tarayya a kowace mota, kuma shi ke fara ɗaukar rabonsa kafin mai ita.

Bari in fara da kaina. Na taɓa ganin wata tokumbo 'yar Amurka, fes da ita, mai silinda shida, inji lita 4. Raina ya biya, ban shawarci kowa ba na saya. Aikina kuwa bai wuce ɗaukar buhunan wake da albasa daga Bodija zuwa shagunan cikin gari ba, rabin yini a cikin gosulo. Wata uku na duba littafi, sai na tarar gidan mai nake yi wa dako. Na sayar da ita da faɗuwa. Laifin ba na motar ba ne, nawa ne, don na ɗauko doki in yi aikin jaki.

Injinan da za mu tarar a kasuwa kashi huɗu ne.

Na farko, ƙananan nan na Japan irin su Suzuki Carry da Daihatsu Hijet. Injinsu siisii 660 ne kacal, kuma kilo 350 aka ƙayyade musu, wato buhu bakwai na kilo 50. Ga mai zirga-zirga tsakanin kasuwa da shago ba abin da ya kai su sauƙin mai. Amma kar a hau babbar hanya da su da lodi, kar kuma a ɗora musu kayan Canter.

Na biyu, injin fetur mai silinda huɗu, kamar lita 2.7 da ke cikin Hilux. Kuɗin sayensa da sauƙi, kayan gyaransa na ko'ina, kusan kowane makanike ya san shi. Aibinsa, idan kaya ya yi nauyi ko aka shiga hawa sai an matsa totur, nan ne kuwa mai ke tafiya.

Na uku, injin gas. Shi ba ya amfani da fulogi, matsa iska yake yi har ta yi zafi ta kunna man da kanta. Litar gas ta fi ta fetur ƙarfi, shi ya sa a tafiya ɗaya yakan rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu na man da na fetur zai sha, ga shi da jan kaya tun daga ƙaramar giya. Amma a lura, iri biyu ne. Akwai tsofaffi irin su 3L da 5L, masu haƙuri, ba su da gudu amma gyaransu bai da wuya. Akwai kuma na zamani, lita 2.4 da 2.8 da suka zo tun 2015, masu tabo da kwamfuta. Waɗannan sun fi ƙarfi da tattali, sai dai ba sa yafe gurɓataccen mai. Gas ɗin 'yan bumburutu mai ruwa ko kananzir in ya shiga, nozul da famfo ne za su tafi, kuma kuɗin canza su zai iya cinye ribar shekara.

Na huɗu, injin fetur da aka juya ya koma aiki da iskar CNG, wadda gwamnatin tarayya ta fara ƙarfafawa a 2023. A nan sai mun yi hankali da harshenmu, domin mu dizal gas muke ce masa, na girki ma gas, wannan ma gas, alhali ba abu ɗaya ba ne. CNG ta fi fetur araha, amma tukunyarta na da nauyi, tana cin wurin kaya, motar takan ɗan rage ƙarfi, kuma ba kowane gari ke da wurin sha ba. Matsin da ke cikinta ya ninka na tukunyar girki nesa ba kusa ba. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan mai a Benin saboda tukunyar da ba ta inganta ba, mutane suka jikkata. Don Allah kar mu kai wa mai walda wannan aiki, araha ba ta ado.

To, wanne ya fi? Lissafi ne zai faɗa. Mu yi misali kawai, kowa ya sa farashin ranar da zai saya. A ce mai fetur na shan lita 12 a kilomita 100, lita Naira 900, ya kama 10,800. Mai gas na shan lita 9, lita Naira 1,100, ya kama 9,900. Bambanci Naira 900 ke nan. A ce kuma mai gas ta fi tsada da Naira miliyan 1.8 wajen saye. Sai ta yi kilomita 200,000 kafin ta mayar da wannan kuɗi. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata cikin gari, sai ya jira fiye da shekara 16. Wanda ke zuwa Arewa kowane mako ta Ilorin da Jebba da Mokwa, yana yin 8,000 a wata, cikin wata 25 ya fanshe. Kun ga mota ɗaya, ga wani riba, ga wani wahala.

Kuma kar mu yarda da maganar dillali cewa "ba ta shan mai". A cika tanki har baki, a rubuta lambar da ke kan agogon tafiya, a yi aikin yau da kullum da kaya a kai, a dawo famfo ɗaya a sake cikawa. Litar da ta shiga da nisan da aka yi su ne shaida. In mai mota ya ƙi wannan gwaji, to a san da walakin.

Saura ku direbobi, 'ya'yana da ƙannena, rabin tattalin a ƙafarku yake. Gudun 120 ya fi gudun 90 shan mai sosai, domin iska ke tokare mota, balle an tula kaya sun wuce rufi. Taya mai ƙarancin iska tana jan mai kuma tana saurin fashewa. A riƙa duba matatar iska, musamman bayan an dawo daga ƙurar hunturu, a canza baƙin mai a kan lokaci. In za a daɗe ana lodi, a kashe inji. Mu kuma masu kaya mu ji tsoron Allah: Hilux wajen tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka. In muka ɗora biyu, abin da muke ganin mun rage a sawu zai fita ta sifirin, ta kulochi, ta birki, wani lokaci ma ta ran ɗan mutane.

A ƙarshe ina da roƙo ga kwamitin da zai sayi motar haɗin gwiwa. Kuɗin nan akwai na marayu da na mata masu ƙaramin jari a ciki. Kafin a je kallon fenti, a zauna a rubuta abu uku: ina motar za ta riƙa zuwa, buhu nawa za ta ɗauka, kuma wane makanike ne a kusa da mu ya san injinta. Sannan a ajiye littafi a cikinta, duk litar da aka sha a rubuta, a karanta mana a taron wata.

Inda na yi kuskure, makanikai da direbobin da ke nan su gyara mini. Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nemanmu.