Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Batirin Kwamfuta



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka, wadda a cikinta ake ajiye lissafin kuɗi da takardun gonaki da filaye na gunduma. Sau da yawa hakimi yakan nemi wata takarda da gaggawa, sai malami ya ce kwamfuta ta mutu. Galibi kuwa ba mutuwa ta yi ba, wuta ce ba ta isa gare ta ba, kuma malami da kansa yana iya gane inda ta tsaya tun ba a ɓatar da kuɗin hukuma wajen mai gyara ba.

To, a fara bincike daga bango. A sa fitila ko rediyo a soket ɗin, a ga ko akwai wuta. Fulogin nan mai ƙafa uku yana da ɗan fis a ciki, wanda yakan ƙone idan wuta ta zo da ƙarfi. Sa'an nan a bi wayar caja da hannu, musamman kusa da bakinta, gama nan take karyewa saboda yawan naɗewa.

A bayan kowace caja akwai rubutu, ya kamata malami ya karanta shi. Tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ta mai da ita wajen bolt 19 ko 20. An kuma rubuta ƙarfinta, watau wat 45, ko 65, ko 90. Kada a ari cajar wani don kawai bakinta ya shiga. Idan kwamfuta mai bukatar wat 90 ta sami ta 45, sai ta yi nauyin aiki, batir kuma ya ƙi cika, a yi ta zargin batir alhali ba laifinsa ba ne.

Idan duk waɗannan lafiya suke amma ta ƙi tashi, sai a zare caja, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa har daƙiƙa 30, sa'an nan a mayar da caja a kunna. Wannan kaɗai yakan tashe ta.

Yanzu sai batirin kansa. Irinsa ake kira na litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Ba a yi shi don ya dawwama ba. Bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 300 zuwa 500, ƙarfinsa yakan ragu ƙwarai. Amma a ƙasarmu zafi ne yake riga tsufa kashe shi. Da bazara zafin Sakkwato da Maiduguri yakan wuce awo 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fankar ciki. Malamin da ya ɗora kwamfuta a kan katifa ko matashi, ko ya bar ta cikin mota da rana tsaka, shi ne ya rage mata kwana. A ɗora ta bisa tebur, kada a bari batir ya ƙare ƙaf kullum, in kuwa za a ajiye ta da daɗewa, a bar cajinta wajen rabi.

Mai Windows yana iya sanin lafiyar batirinsa ba da ka ba. Ya buɗe baƙin allon nan na ba da umarni, ya rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna abin da batir yake ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yau. In na yau bai kai rabin na farko ba, lokacin sayen sabo ya yi.

Akwai abu guda da nake roƙon hakimai su sa ido a kansa da kansu. Idan aka ga cikin kwamfuta ya kumbura, ko wurin shafa yatsa ya ɗago, batir ne ya kumbura, kuma yana iya kama wuta. A kashe ta nan take, a zare caja, kada a danna kumburin, kada a huda shi, a nisanta ta daga takardu. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2006 kamfanin Dell ya janye batura fiye da miliyan 4 saboda tsoron gobara.

Har wa yau akwai wani ɗan batir kamar kwabo a can ciki, mai bolt 3, wanda yake riƙe agogo. In ya mutu sai kwanan wata ya rikice, takarda ta fita daga ofishin hakimi da shekarar da ba ita ba. Kuɗinsa kaɗan ne.

Idan ya zama tilas a kai ta wajen mai gyara, malami ya fara kwafe takardun gunduma a filashi in tana kunnuwa, ya rubuta abin da ya gwada duka, ya kuma haɗa ta da cajarta.