Titin Rivoli: gwajin da ya zauna

A watan Mayu 2020, bayan kullen korona, magajiyar garin Paris, Anne Hidalgo, ta hana yawancin motoci bin titin Rivoli, ta bar shi ga kekuna, bas da tasi. Fenti ne kawai da ƴan shingaye. Gidajen abinci kuma suka jera tebura a wuraren ajiye motoci. Wai gwaji ne, ga shi ya zauna.

Ni ina tare da masu keke, amma maƙwabtan da hayaniya ta hana barci su ma suna da gaskiya. Sun yi ta kuka. A 2021 aka tsayar da ƙa'ida: sai da izini, daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai, kuma ƙarfe 10 na dare a tattara teburan.