Jawabi a kan Kiwon Shazumami

Kowa a nan ya san kiwo. Wani yana da awaki, wani kaji, wani tantabaru, wani kuwa ya ɗaura amya bisa itace yana jiran zuma. Yau ina so in ba ku labarin wani irin kiwo wanda ba a tatsa, ba a yankawa, ba a kai shi kasuwa, watau kiwon tururuwa. Na ga waɗansunku suna murmushi. To, ku saurara tukuna.

A ƙasashen Turai, da Amurka, da Jafan, akwai mutane masu yawa, manya da yara, waɗanda su ke ajiye gari guda na tururuwa cikin ɗakinsu, a bayan gilashi, don su riƙa kallon yadda ta ke zamanta. Cikin waɗanda su ka fi so akwai wani dangi da su ke kira masassaƙiya, masana kuwa suna ce masa Kamfonotus. Wani masani na ƙasar Ostiriya, Gustav Mayr, shi ya raɗa masa wannan suna a 1861. Dangin nan babba ne, irinsa ya fi 1,000, ya bazu kusan ko'ina cikin duniya. Mu ma muna da namu. Shazumamin nan mai dogayen ƙafafu, wanda kan fito da dare ya faɗa cikin sukari ko ya kewaye bakin kwalbar zuma, ɗan gidan ne. Saboda haka abin da zan faɗa game da masassaƙiyar Turai, yawancinsa ya hau kan shazumami.

Dalilin da ya sa a ke ce mata masassaƙiya shi ne, ta Turai da ta Amurka cikin itace su ke yin gida, musamman wanda laima ta fara cinsa. Su kan sassaƙe shi su yi ɗakuna da hanyoyi sumul, su fid da garin itacen su zubar a ƙofa. Amma kada ku haɗa ta da gara. Gara cin itacen ta ke yi, ita kuwa wannan wurin kwana kaɗai ta ke nema. Namu na nan ya fi zama cikin ƙasa, ko ƙarƙashin dutse, ko cikin ruɓaɓɓen gungume.

Wanda bai sani ba sai ya ɗebi shazumami hamsin a bakin rami, ya zuba cikin gwangwani, ya ce ya fara kiwo. Bai fara kome ba. Waɗannan da ku ke gani suna kai da kawowa ma'aikata ne, dukansu mata ne, amma ba su ke haihuwar garin ba. In an raba su da gida za su yi ta zagaye, su mutu ɗaya ɗaya, har su ƙare. Uwa ɗaya ce ta haifi garin duka, ita a ke kira sarauniya. Sunan ne kawai, ba ta yanka wa kowa hukunci, aikinta saka ƙwai. Wanda ya sami sarauniya ya sami gari, wanda ya rasa ta ba shi da kome.

Ba a haƙa rami a nemo ta, gama da wuya a kai gare ta ba a kashe ta ba. Jira a ke yi ta fito da kanta. Sa'ad da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta jiƙa, sai 'ya'yan sarauta masu fukafukai, maza da mata, su tashi sama su yi aure. Namiji ƙarami ne, da ɗan ƙaramin kai, ba ya daɗewa bayan wannan sai ya mutu. Macen kuwa sai ta sauko, ta karya fukafukanta da kanta, ta shiga neman wurin ɓuya. A nan ne a ke kama ta, da dare gindin fitila, ko da sassafe bakin bango. Za ku gane ta da girma, tsawonta ya fi rabin inci, da kauri a ƙirji, da tabon fukafukai a gefe. Ku lura kada ku ɗauko shinge. Shinge ɗan gara ne, jikinsa duk kauri ɗaya, ita kuwa wannan tana da ƙugu siriri kamar na zanzaro, ƙahoninta kuma a tanƙware su ke kamar gwiwar hannu.

Ɗakinta na fari ba shi da tsada. A nemi siririyar kwalba sabuwa, irin wadda a ke ɗiban jini ciki a asibiti. A zuba ruwa mai tsabta kashi ɗaya cikin uku, a tura dunƙulen auduga har ya taɓa ruwan ya toshe shi. A sa sarauniya a gaban audugar, a toshe bakin kwalba da wata auduga busasshiya. Ta farko tana ba ta laima da abin sha, ta biyu tana barin iska ta shiga. Sa'an nan a naɗe kwalbar da takarda, a kwantar da ita cikin akwati ko lokon ɗaki, inda babu rana, babu jijjiga.

To, daga nan ne aiki mai wuya ya ke farawa, aikin kuwa shi ne a ƙyale ta. Ba ta bukatar abinci. A daji ma rufe kanta ta ke yi cikin ɗan rami, ba ta fita ko sau ɗaya. Naman ƙirjin nan da ta yi tashi da shi, yanzu ba shi da sauran amfani, sai jikinta ya narkar da shi. Da shi, da kitsen da ta taho da shi daga gidan uwarta, ta ke rayuwa, ta ke kuma ciyad da 'ya'yanta baki da baki. Guzurin nan ƙididdigagge ne. In mai kiwo ya riƙa buɗe ta safe da yamma, yana haska ta, yana juya kwalba don ya nuna wa baƙi, sai tsoro ya kama ta, ta cinye ƙwanta, ta sake sabo da ɗan ƙarfin da ya rage. In aka maimaita haka sau biyu sau uku, shi ke nan, ta ƙare. A ganina sarauniyoyin da son mai su ya kashe sun fi waɗanda sakaci ya kashe. Leƙe ɗaya a mako ya isa, shi ma na ɗan lokaci kaɗan.

Abin da za ku gani in kun leƙa, ga shi. Da fari 'yan ƙwai ƙanana a dunƙule wuri ɗaya, tana lasarsu kullum don kada fumfuna ta kama su. Ƙwai ya zama tsutsa, marar ido, marar ƙafa. Tsutsa ta ci ta ƙoshi, ta saƙa wa kanta 'yar jaka ta siliki, ta kwanta ciki. Jakar nan ce mutane kan gani in sun ɗaga dutse su ce ƙwan tururuwa ne, alhali kuwa ba shi ba ne. Daga ƙwai zuwa fitowar ma'aikaciya kamar wata biyu ne, in da ɗumi ya ragu, in da sanyi ya ƙaru. 'Yan farin nan ƙanana su kan fito, gama da yunwa aka rene su, kuma ba su da yawa. Masassaƙiyar ƙasashen sanyi ta kan ƙare shekararta ta fari da ma'aikata 10 ko 20 kaɗai. Sai ta shekara 3 zuwa 6, mutanenta sun kai wajen 2,000, kana ta fara haihuwar masu fukafukai. Namu ya fi wannan sauri don zafin ƙasarmu, amma shi ma ba kiwon mai gaggawa ba ne.

Akwai wani abin mamaki a nan. Auren nan na dare ɗaya shi ne iyakar aurenta. Abin da ta karɓa daga namiji tana ajiye shi cikin wata 'yar jaka a cikinta, tana tsakura kaɗan kaɗan har ƙarshen ranta. Ƙwan da ta sa wa ya zama mace, wanda ba ta sa wa ba ya zama namiji. Watau namijin tururuwa yana da uwa, yana da kaka, amma ba shi da uba.

Ran da ma'aikata su ka fito, ran nan a ke fara ba da abinci. Iri biyu su ke bukata. Na fari zaƙi, ruwan sukari ko zuma da aka sirka da ruwa, ɗigo ɗaya bisa 'yar auduga don kada su nutse. A daji darɓa su ke bi, ruwan zaƙin nan da ƙananan ƙwari ke fitarwa bisa ganyen dawa. Na biyu nama, watau ƙafar fara, ko gyare, ko shinge, wanda aka kashe. Zaƙi na manya ne, nama na tsutsa ne da sarauniya. Gidan da a ke ba sukari kaɗai ba ya mutuwa da wuri, amma ba ya ƙaruwa. Kada a ba su ƙwaron da aka tsinta matacce cikin ɗaki, gama mai yiwuwa maganin feshi ne ya kashe shi. Abin da su ka rage kuma a kwashe kashegari, kafin ya yi fumfuna.

Ku sa ido ku ga yadda su ke rabo. Ɗaya ta sha ta sha har cikinta ya kumbura, ta koma gida, ta haɗa baki da 'yar'uwarta, ta juye mata. Ciki biyu gare ta, ɗaya nata, ɗaya rumbun gari. In kun ɗiga ɗan launi na abinci cikin ruwan sukarin, kafin wani lokaci za ku ga launin ya bayyana cikin waɗanda ba su ko je wurin ba.

Sa'ad da su ka kai ashirin ko talatin, kwalba ta yi musu kaɗan, sai a sa ta cikin akwatin roba ko na gilashi, a cire audugar baki. Kwalba ta zama ɗaki, akwati ya zama fili, inda a ke ajiye abinci, inda su ke zub da shara. A shafa hoda ko ɗan mai a bakin akwatin ta ciki, don santsi ya hana su hawa. Kada a yi saurin gina musu babban gida. In ɗakuna sun fi mutane yawa, sai su mai da sauran juji, cuta ta tashi daga nan. In lokaci ya yi, a yi gidan da filasta, irin wadda a ke ɗaurin karaya da ita, a rufe da gilashi, a riƙa jiƙa gefe ɗaya a bar ɗaya busasshe. Su da kansu za su zaɓi inda ya dace da ƙwai da inda ya dace da jakunkuna. Wani Bafaranshe, Charles Janet, shi ya shahara da irin wannan gida tun wajen 1893. A riƙa dubawa dai, don mai sassaƙa itace ba ya jin nauyin filasta.

A nan za ku fara ganin manya masu ƙaton kai, waɗanda kan tsare ƙofa su kuma yayyanka nama. Ba su da ƙari irin na kunama. Cizo su ke yi, su tanƙwaro ciki su fesa wani ruwa mai tsami a wurin, ya yi ɗan zafi ya wuce.

Abokan gabansu a ƙasarmu huɗu ne: rana, da hunturu, da kiyashi, da maganin sauro. Kwalbar da rana ta faɗa wa ta taga tana iya dafa su kafin ku gama cin tuwo. Ɗumin da su ke so wajen digiri 24 zuwa 28 ne, saboda haka da bazara a kai su ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa. Da hunturu ruwa kan ƙafe da sauri, sai a haɗa musu sabuwar kwalba, a rufe ta da duhu, a bar tsohuwar a haske, su yi ƙaura da kansu. Kiyashi kuwa, ƙanƙantarsa ba ta hana shi shiga ya kwashe tsutsa duka cikin dare ɗaya ba, maganinsa a ɗora akwati bisa dutse cikin faranti mai ruwa. Mutanen Turai suna da wata wahala da ba mu da ita, dole su ajiye tasu wata 3 ko 4 cikin sanyin digiri 5 zuwa 10 ta yi barcin shekara, in ba haka ba sarauniya ta raunana.

Dabarar kewaye gida da ruwa tsohuwa ce. Wani Bature na Ingila, John Lubbock, mai banki ne kuma ɗan majalisa, ya yi ta ajiye tururuwa tsakanin gilasai biyu, ya kewaye su da ruwa, ya rubuta littafi a kansu a 1882. Shi ne ya gwada ya ga suna kwashe 'ya'yansu daga haske su kai ƙarƙashin jan gilashi, kamar duhu ne a wurinsu. Don haka masu kiwo har yau su kan rufe gida da jan abu su yi kallo. Akwai wata sarauniya tasa, ba ta wannan dangi ba, wadda ya ɗauko a 1874, ba ta mutu ba sai 1888. Masassaƙiya ma ta kan wuce shekara 10. Watau yaron da ya kama ta yana aji ɗaya, yana iya gama makaranta tana nan tana saka ƙwai. Mai niyya ya yi wannan lissafi tun bai ɗauko ta ba, ya san wanda zai bar wa in tafiya ta kama shi.

Abu ɗaya kuma. Yanzu a kan sayad da sarauniyoyi ta intanet, daga wata ƙasa zuwa wata. Shawarata ita ce kowa ya tsaya ga ta ƙasarsa. Wata jar tururuwa mai harbi ta shiga jirgin ruwa daga Amurka ta Kudu, ta sauka tashar Mobil a jihar Alabama wajen shekarun 1930. Ta mamaye kudancin Amurka, a 2001 kuma aka gan ta a Birisben ta ƙasar Ostareliya, har yau ana kashe dukiya wajen yaƙi da ita. Wanda ya riga ya mallaki baƙuwa kada ya sake ta waje ko da ya gaji da ita.

Wanda ya ke so ya gwada, ya tanadi kwalba biyu ko uku da auduga tun cikin bazara, gama ba kowace sarauniya ke yin gari ba. Daren da aka yi ruwa na sosai na fari, da dararen da ke biye, ya fita da tocila ya duba gindin fitilu da bakin bango. Iyakar jawabina ke nan, mai tambaya ya yi.