Jawabin Bikin Cika Shekara: Tambarin Cinikin Adalci da Littafin Ƙungiya

Shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa da mazajenmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa.

Mu 'yan kasuwa mun san inda riba ke zurarewa: wajen awo da wajen dillali. Mace ta kwana uku tana haɗa man kaɗe, wani ya zo ya yanka mata farashi son ransa. Shi ya sa yau za mu yi maganar tambarin Fairtrade, wato cinikin adalci, wanda ake bugawa a jikin kayan da ake sayarwa a Turai.

Abu biyu yake ba manomi. Na farko, akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi ko kasuwa ta faɗi. Na biyu, akwai ƙarin kuɗi, kamar gyaran da muke wa mai saye, amma a nan mai sayen ne ke yin gyaran. A 2019 an yanke dala 240 a kan kowane tan na koko. Kuɗin asusun ƙungiya yake shiga, a taro ake shawarar abin da za a yi da shi.

Ga misali a Kumasi ta ƙasar Gana. Manoman koko sun kafa ƙungiyar Kuapa Kokoo a 1993, suka sami tambarin a 1995. Kowane ƙauye shi ke zaɓen mai awonsa, sikeli kuma a gaban kowa. Da gyaran nan suka haƙa rijiyoyi, suka gina azuzuwa. A 1998 har suka zama masu hannun jari a kamfanin cakulan Divine a Ingila.

To amma fa, ba kyauta ba ne. Masu bincike na zuwa, biyan su ake yi. Kuma tambari bai tilasta wa kowa sayen kayanki duka ba. Ƙananan manoma sai sun haɗu a ƙungiya ake ba su, kuma me mai bincike zai duba? Littafin kuɗi, sunayen membobi, rubutun taro, shaidar zaɓe.

Kun ga ke nan ajin yaƙi da jahilci da muke zuwa bayan la'asar jari ne. Wadda ta iya karanta sikeli da rasit, ba a yi mata kwange. Bana mu roƙi abu uku: kowane zubi a rubuta, kowane taro a zo, ma'aji ta karanta lissafi a bainar jama'a.

Allah ya maimaita mana, ya sa albarka a nemanmu.